Shugabanci da Bakin Turanci: Wata Gwaninta ta Malaman Dutse

Dutse gari ne na ma'aikata. Tun ranar 27 ga Agusta, 1991, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ta kuma ajiye hedikwata a nan, abin da ya fi cika garin shi ne ofis: sakatariyar jiha, ma'aikatu da hukumomi, kotuna, bankuna, asibitin Rasheed Shekoni, kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, sai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. A bakin ƙofar kowanne daga cikinsu Hausa ake yi, a baranda Hausa ake yi, har a ofishin darakta in an turo ƙofa Hausa ake yi. Amma da an buɗe fayil, ko an zauna taro an ce sakatare ya ɗauki bayani, sai magana ta koma Turanci. Da shi ake rubuta takardar ɗaukar aiki, da shi ake rubuta ta tuhuma, da shi ake jarrabawar ƙarin girma. Duk wanda aka ba riƙon sashe, ko da mutum uku ne a ƙarƙashinsa, dole wani yanki na shugabancinsa ya bi ta harshen da ba da shi ya yi wayo ba.

Kuma ba 'yan'uwansa Hausawa da Fulani kaɗai yake shugabanta ba. Kowace shekara sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Fanisau yana sallamar matasa daga Anambra, Ekiti, Kuros Riba da sauran jihohi, a rarraba su makarantu da asibitocin Kiyawa, Jahun, Birnin Kudu, Buji da Gwaram. Shugaban makarantar da aka turo wa yarinya daga Inugu, wadda ko sannu ba ta iya ba, da Turanci zai tarbe ta, da shi zai ba ta aji, da shi zai ja mata kunne in ta makara, da shi kuma zai lallashe ta ranar da kewar gida ta taso mata. A babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki tun 2008 a ɓangaren haihuwa da na masu yoyon fitsari, nas 'yar garin takan tsaya kan mara lafiya ɗaya da likitan da ya zo daga wata ƙasa. Shi ma mai tara riɗi da zoɓo don a fitar waje, takardunsa da Turanci suke.

Saboda haka akwai wata sana'a a cikin sana'ar koyarwa da na daɗe ina ganin ba a biya ta haƙƙinta na yabo ba: ta malamin Turancin da ke koya wa ɗalibi yadda zai ja ragamar mutane da harshen da har yanzu koyonsa yake yi. Irin waɗannan malamai suna nan a sashen darussan gama-gari na jami'a da na kwalejin fasaha, a makarantun koyon aikin jinya da kiwon lafiya na Birnin Kudu da Jahun, a zaurukan da ake tara ma'aikatan gwamnati bita, har da azuzuwan yamma da ma'aikata ke biya daga aljihunsu. Ba duk mai riƙe da alli a waɗannan wurare ne ya iya ba. Waɗanda suka iya ɗin kuwa, aikinsu abin a tsaya a kalla ne.

Hanya mai sauƙi sananniya ce. Malami ya shigo ya jera halayen shugaba nagari guda goma a allo, ɗalibai su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa. Ɗalibin da ya fito daga wannan aji zai rubuta maka riƙon amana da Turanci babu kuskuren harafi ko ɗaya, amma ka tsayar da shi gaban mutum biyar ka ce ya raba musu aiki, sai harshe ya sarƙe. Ba laifinsa ba ne. Turancin da ya kawo shi nan na WAEC da NECO da JAMB ne: rubuta wasiƙa, taƙaita labari, zaɓen amsa ɗaya daga cikin jerin amsoshi. Ba a taɓa neman ya buɗe baki ya shawo kan wani ba.

Gwanin malami daga wani wuri yake farawa, kuma sau da yawa da Hausa yake farawa, ba tare da yana jin ya yi abin kunya ba. Yakan ce, "Kowa ya tuno wani mutum da ya taɓa yi wa aiki har ya ji ba ya son rabuwa da shi. Me mutumin nan yake yi?" Ajin da ya yi tsit sai ya ɓarke. Wannan ya kawo maigidansa na shagon hatsi a kasuwar Shuwarin, wanda ba ya sa loma sai yaransa sun ci. Wancan ya kawo sarkin noman ƙauyensu, wanda ranar gayya shi ke fara sunkuyawa, shi ne kuma na ƙarshen ɗagowa. Wata ta kawo gwaggonta, uwar adashin matan unguwa, wadda shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa a kan kwabo ba. Malami yana saurare yana tsince halin daga cikin labarin, sai a lokacin ne yake rubuta sunansa na Turanci a allo. Kalmar da ta shigo kai tare da fuskar wani da aka sani ba ta saurin fita.

Abin da ya sa dabarar take ci shi ne gaskiyar da ke ƙarƙashinta. Ɗan Jigawa bai zo ajin Turanci don a sanar da shi mene ne shugabanci ba. Ƙasar nan ta daɗe tana tunani a kai. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan yadda ake riƙon jama'a. Abdullahi ɗan Fodiyo a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami, da mutanen garin suka roƙe shi ya nuna musu yadda ake mulki bisa adalci, Dutse kuwa a lokacin tana cikin ƙasar Kano. Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa don Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. Ko Baturen nan Anthony Kirk-Greene, da aka wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a 1974, abin da ya lissafa daga bakin Hausawa ya samo shi: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Idan aka ba ɗalibi labarin Robert Greenleaf, Ba'amurken da ya fito a 1970 da ra'ayin cewa shugaba mai hidima ne kafin ya zama komai, ba ya jin wani baƙon abu, don tun yana yaro yake jin ana cewa babba juji ne. Malamin kirki yana kawo Greenleaf ɗin, amma a matsayin wanda ya zo ya tarar ana zancen.

Abin da ɗalibin ya rasa ba hali ba ne, murya ce. A nan aikin yake, a nan kuma ake gane gwani.

Hausa tana ajiye ladabinta a wurare da yawa lokaci guda. Akwai gaisuwa, wadda ba a tsallakewa ko ana sauri. Akwai "ranka ya daɗe" da "yallaɓai" da "Allah ya ƙara girma". Akwai "ku" da ake yi wa mutum ɗaya don girmamawa. Akwai 'yan ƙananan kalmomi irin su "ɗan" da "dai" da "mana" da "ko", masu tausasa umarni har ya koma roƙo. Akwai sassauta murya, akwai rusunawa. Idan shugaban sashe ya ce wa masinja dattijo, "Baba, don Allah a ɗan miƙo mana fayil ɗin nan," bai ma nuna shi kai tsaye ba, cewa ya yi "a miƙo". Amma mutumin nan da ya juya zuwa Turanci, duk waɗannan sukan zube a hanya, abin da ke isa kunnen mai sauraro sai ƙashin maganar: "Bring the file." Mutumin da duk gari ya shaida da tawali'u sai baƙuwar ma'aikaciya ta ɗauke shi mai gadara, shi kuwa bai san ya yi komai ba. Na tabbata ofisoshi da yawa sun yi asarar zumunci ta wannan ƙaramar ƙofa.

Turanci a wani wurin yake ajiye nasa ladabin. Yakan juya umarni ya zama tambaya, ya ja da baya, ya kewaya: "Could you bring me the file, please?" A kunnen Bahaushe wannan tambaya ce da ake iya amsawa da a'a, a wurin masu harshen kuwa umarni ne cikakke. Malamin da ya gane haka ba ya koyar da waɗannan kalmomi a matsayin wani babi na nahawu da za a karanta a wuce. Yakan ɗauki umarni guda ɗaya ya sa ɗalibai su bi shi mataki-mataki: yadda za ka faɗa wa abokin aikinka, yadda za ka faɗa wa na ƙasa da kai, yadda za ka faɗa wa na ƙasa da kai wanda ya haife ka a shekaru, sannan darakta, sannan kwamishina. Daga nan sai ya juya lamarin: yaya za ka faɗe shi ranar da babu lokacin kewaye-kewaye, mai haihuwa tana zubar da jini, ko wuta ta kama a sito? Domin shugaban da bai iya gajeren umarni ba, shi ma da sauransa. Akwai kuma waɗanda tsoron rashin ladabi ke sa su cika magana da tsofaffin kalmomin ban-girma na wasiƙun zamanin En'e, har mai sauraro ya rasa abin da ake so ya yi. Su ragewa ake yi musu, ba ƙari ba.

Sai kuma matsalar "to". Bahaushe yakan ce "to" yana nufin ya yarda, yakan ce "to" yana nufin ya ji amma ba zai yi ba, ɗan'uwansa kuma daga sautin yake gane wanne ne. Idan aka mayar da duka biyun "yes", shugabar shirin da ta zo daga Nairobi ko Legas za ta rubuta a littafinta cewa an yi alkawari, ta zauna jiran rahoto ranar Litinin. Malami yana koya wa ɗalibi yadda zai ce Litinin ba za ta yiwu ba, ga dalili, ga kuma ranar da za ta yiwu, ba tare da ya ji ya yi wa babba tsaurin ido ba. Yana kuma koya wa mai shirin zama shugaba kada ya ɗauki amsawar ladabi a matsayin ƙarshen magana. Ya nemi a maimaita masa abin da aka fahimta, da ranar da za a kawo aikin.

Duk wannan ba ya zama a jiki da lacca, kamar dai yadda ba a koyon iyo a tudu. Shi ya sa gwanayen nan ke mayar da aji ya koma ofis. Tunanin ba sabo ba ne. A birnin Bangalore na Indiya, tsakanin 1979 da 1984, wani malami N. S. Prabhu ya gwada koyar da Turanci ta hanyar ba yara aikin da sai da harshen za su warware shi, maimakon karanta musu dokokinsa, kuma hanyar ta bazu a duniya. Abin da malaman namu suka ƙara shi ne kayan gida. Ba sa ɗauko rikicin wani kamfani a Landan da ɗalibi bai san yadda ƙofarsa take ba. Sukan rubuta matsala a 'yar takarda: an ba ofishinku takin tallafin da bai isa ba, ƙauyuka bakwai suna jira, dagacin ɗaya daga ciki surukin wani babba ne. Ko kuwa ruwa ya cinye hanyar makaranta ana saura mako biyu jarrabawa. Ko kuwa direban motar asibiti, mai iyali da yawa, ya makara karo na uku. Sai a kasa ɗalibai shida-shida, a naɗa shugaban taro da sakatare, a ba wani aikin yin gardama, a ce minti ashirin ne, kuma sai an fito da matsaya.

Malami yana zagayawa ne kawai, ba ya sa baki. Amma kunnensa yana kan wasu abubuwa da ya sani sarai. Shin shugaban taron ya faɗi abin da ya tara su, ko kuwa ya tsunduma ne kawai? Ya lura da wadda ta yi shiru a gefe ya kira ta da sunanta? Ya iya tsayar da mai yawan magana ba tare da ya muzanta shi ba? Da aka zo ƙarshe, ya tattara abin da aka cim ma, ya ce wane zai yi kaza zuwa rana kaza? Sirrin darasin kenan: kowane hali na shugaba yana da jimlar da ke ɗauke da shi. Adalci a taro jimla ce da ake cewa har yanzu ba mu ji ta bakin wancan ɓangaren ba. Haƙuri jimla ce da ake cewa a bar shi ya ƙarasa. Tsayuwa a kan magana jimla ce da ake cewa mun ji kowa, ga abin da za mu yi. Ɗalibin da ya furta waɗannan sau ashirin a aji, ranar da ya zauna a kujerar gaske za su zo masa da kansu.

Kujerar kuma zagayawa take yi. Wannan ƙaramin abu ne a ido amma ina ganin shi ne ya fi nuna adalcin malamin. Da za a bar aji ya zaɓa, kullum yaron da ya yi makarantar kuɗi a Kano ko Kaduna, mai santsin harshe, shi zai riƙa shugabanta. To amma sau da yawa wanda ya fito daga sakandaren ƙauye, mai Turanci da ƙyar, shi ya fi iya sauraro, shi ya fi iya sasanta mutum biyu, don ya girma yana ganin yadda ake yi a ƙofar gidan mai unguwa. Malamin da ya san aikinsa maki biyu yake bayarwa, ɗaya na harshe, ɗaya na riƙon taro, don kada santsin baki ya sayi abin da bai mallaka ba, kada kuma nauyin baki ya ɓoye baiwar da ke akwai.

Darasin da ya fi kowanne wuya shi ne na musa wa na gaba. An rene mu a kan ba a mayar wa babba magana, ba a kuma ƙura masa ido, kuma tarbiyya ce mai daraja wadda babu malamin kirkin da zai so ya rushe. Sai dai wurin aiki yana da ranakun da shirun ƙarami ke jawo asarar da ba ta gyaruwa. Babu abin da ya fito da wannan fili kamar abin da ya faru a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya ranar 27 ga Maris, 1977, lokacin da jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Injiniyan jirgin kamfanin KLM ya yi shakkar ko ɗaya jirgin ya bar titin, ya kuwa tambaya. Kyaftin ɗin, wanda babban mai horar da matuƙa ne a kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, aka ci gaba da gudu. Bayan wannan haɗari da wasu irinsa ne kamfanonin jiragen sama suka fara horar da ma'aikatansu musamman kan yadda ƙarami zai faɗi damuwarsa ƙarara da yadda babba zai saurara, daga baya asibitoci suka ari tsarin. Ma'aikatan jirgin KLM ɗin nan fa Turawan Holan ne, da aka sani da faɗin magana kai tsaye. In har kwarjinin babba ya iya danne su, ina ga ɗalibar jinya a Birnin Kudu da ta ga an rubuta adadin maganin da ya fi ƙarfin jariri?

Malami ba ya ce mata ta ajiye kunyarta a ƙofar asibiti. Yana tuna mata ne cewa ko a fada akwai yadda ake gaya wa sarki gaskiya: "Allah ya ba ka nasara, a dai sake dubawa." Siffar tana nan a harshenta, Turancinta kawai za a ɗora mata. Ta fara da girmamawa, ta faɗi abin da idonta ya gani ba ra'ayinta game da mutumin ba, ta faɗi abin da take tsoro, ta rufe da shawara ko tambaya: "Doctor, I may be wrong, but the chart says three kilos. Could we check the dose again?" Ana maimaita wannan har ya daina nauyi a baki. Sannan a zo wurin da gwanintar malamin take fitowa sosai. Yakan raɗa wa ɗalibin da ya fito a matsayin likita cewa ya amsa da faɗa, ya kore ta. Abin da ake nema shi ne ta sake faɗa karo na biyu, da murya ɗaya, da ladabi ɗaya, ba ta ja da baya ba. Karo na farko kusan kowa yana iyawa, na biyun ne ke ceton rai. Daga nan a juya, wadda ta yi nas ta zama likita, don ta koyi ɗaya rabin: yadda babba zai ce na gode da kika faɗa, ko da ya tabbata shi ne mai gaskiya, saboda gobe ma ta iya buɗe baki.

Mata sukan zo ajin da nauyi biyu, na harshe da na kunya, kuma in aka gauraya su da maza tun ranar farko yawancinsu sukan bar wa mazan fili. Malamai masu lura, musamman malamai mata, sukan fara haɗa su su-ya-su har murya ta buɗe, sannan a gauraya. Ba a rasa abin nuni ba kuwa: Farfesa Fatima Batul Mukhtar ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016 zuwa 2021, ga kuma ɗakunan haihuwa da makarantun 'yan mata da mata ke riƙe da su a faɗin jihar. Abin da budurwar da za ta shugabanci sa'annin mahaifinta take buƙata ƙanana ne amma masu tasiri: ta fara da gaisuwa, ta kira mutum da laƙabinsa na Malam ko Alhaji ko da Turanci take yi, ta faɗi umarnin sau ɗaya a fili, kada muryarta ta nutse a ƙarshen jimla har a ɗauka shawara take nema. Ko maganar kallon ido akwai dabararta. A zauren intabiyu ana iya ɗaukar sunkuyar da kai a matsayin rashin tabbas, don haka ake koya musu su ɗago a farkon amsa da ƙarshenta, tsakani kuwa ido ya huta a kan takarda.

Hausa tana da wata rahama a nahawunta, wato "an". An makara, an yi kuskure, an bar ƙofar sito a buɗe. Kowa ya san wanda ake nufi, amma ba a nuna shi da yatsa ba, mutuncinsa yana nan. Turanci ma yana da sigar da ke ɓoye mai aikatawa, kuma ɗalibai suna saurin kama ta. Aikin malami shi ne ya nuna musu inda take da kyau da inda take zama mafaka. Idan na ƙasa da kai ne ya yi kuskure ana gaban mutane, rufa masa asiri da ita, ka kira shi gefe daga baya. Idan kuwa kai ne ka sa hannu a takardar, babu "an", sai "ni": "I approved it." Ana sa ɗalibi ya miƙe ya faɗi wannan gajeriyar jimla gaban aji, kuma za ka ga yadda take yi wa wasu nauyi fiye da dogon jawabi. Yabo kuwa akasin haka ake koya: a bainar jama'a, da sunan wanda ya yi aikin.

Yadda malamin kansa yake gyara kuskure darasi ne na shugabanci, kuma a ganina ya fi duk abin da ke allo shiga jiki. Hausa ba ta raba "p" da "f" yadda Turanci ya raba su, kuma harshenmu yana son saka wasali tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe. Ɗalibin da aji ya kwashe da dariya a kansa saboda wannan yana iya yin shiru har ƙarshen zango. Gwanin malami tun ranar farko yake kafa dokar cewa ba a dariyar mai magana, shi kansa kuma ba ya katse mutum a tsakiyar jimla. Yana rubutawa ne a 'yar takardarsa, in an gama ya sa jimloli biyar a allo ba suna, aji ya gyara tare. Kuma ba kowane kuskure yake bi ba. Wanda ke sauya ma'ana shi yake farauta, irin rikita sha biyar da hamsin, waɗanda furucinsu a Turanci ya yi kusa, domin a lissafin kuɗi ko awon magani wannan ba ƙaramin abu ba ne. Karin harshe kuwa yana barin kowa da nasa, tunda manufa a fahimce ka ce, ba a ɗauka a Ingila aka haife ka ba. Ɗalibin da ya shafe wata uku ana gyara shi ba a taɓa tozarta shi ba ya ga da idonsa yadda ake yi wa na ƙasa.

Duk wannan fa ba a cikin wadata ake yinsa ba. Ajin darussan gama-gari yakan ɗauki ɗaruruwan ɗalibai, ga zafin Afrilu, ga wuta da ke zuwa ta tafi. Sai malami ya fito da rukuni ɗaya gaba su yi taronsu, sauran kuma kowane layi a ba shi abu ɗaya da zai sa wa ido, wannan ya ƙirga sau nawa aka katse wani, wancan ya lura ko an yanke matsaya. Waya ma ta zama aji: kowane ɗalibi ya turo saƙon murya na minti ɗaya ta WhatsApp yana yi wa ma'aikatansa bayanin aikin yau, shugaban rukuni ya saurara ya zaɓo biyu ya tura wa malam. Da dare, bayan an gama hidimar gida, malamin yake zama ya saurare su ɗaya bayan ɗaya ya mayar da amsa, kuma babu alawus ɗin da ke biyan wannan.

Ɓangaren rubutu ba ya ɗaukar dogon lokaci in baki ya riga ya saba: memo mai faɗin buƙata a layin farko, bayanin taro mai nuna wa aka ɗora wa me, amsar takardar tuhuma wadda ba ta da ƙarya ba ta kuma da ƙasƙanci. Wanda aka fi tsayawa a kai shi ne na ƙarshen zango, takardar miƙa aiki. Ana ce wa ɗalibi an yi maka canji daga Dutse zuwa Gwaram, rubuta shafi ɗaya ga wanda zai gaje ka. Sai a musanya takardu, abokinsa ya karanta a matsayin sabon shugaba, ya yi duk tambayar da takardar ba ta amsa ba, kowace tambaya kuma giɓi ce da marubucin zai koma ya cike. Malami yana duba ko an faɗi inda makullai suke da abin da ya rage a asusu, ko an faɗi wane ma'aikaci ne ya ƙware a me, ko an ambaci alkawarin da aka yi wa wani ba a kai ga cikawa ba. Yawancin ɗalibai a karon farko nasarorinsu suke jerawa su tsallake aikin da suka bari a rataye. Waɗannan ana mayar musu da takardarsu, a ce su sake, su fara da abin da ba su gama ba.